Yara 72, waya ɗaya, babu kuran: yaya bidiyo zai yi aiki a aji?

Tambaya: Ina koyarwa a ajin CM1 (aji biyar na firamare) a wata makarantar gwamnati a Zinder. Yarana 72 ne, ajin ba shi da kuran, abin da nake da shi wayata ce ta Android. Da rana ta ɗaga sai hankalinsu ya watse, musamman a darasin kimiyya da lissafi. Ana ta cewa bidiyo yana jawo hankalin yara. Wace manhaja zan sauke, kuma ta yaya zan fara?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Maganar manhaja tana tafe, amma ba ita ce a gaba ba, domin a aji irin naki ba a wurin manhaja aiki yake lalacewa ba. Yana lalacewa ne a wuri uku: bidiyon ya yi tsawo, murya ba ta fita, ko kuma yara shida na gaba su gani sauran sittin da shida su zauna suna hamma. In kika magance waɗannan, kyamarar da ta zo da wayarki ma ta isa a fara.

Kafin ki taɓa waya, ki tambayi kanki: me wannan bidiyo zai nuna wanda allo da alli ba za su iya nunawa ba? In amsar ita ce fuskarki kina bayani, ki bar shi, domin ke da kanki a tsaye gaban yara kin fi hotonki. Bidiyo yana da riba a kan abin da yake ɗaukar kwanaki, kamar tsirowar iri. Abin da ya yi ƙanƙanta har na baya ba sa hangowa, kamar yadda ake ɗora rafotar, ma'aunin kusurwa, a kan kusurwa. Da abin da yake nesa da aji, kamar aikin majema ko ginin tukwane a Mirya. A nan za ki zuba ƙarfinki.

Tsawon kuwa kada ya wuce minti biyu zuwa uku. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallo miliyan 6.9 na darussan bidiyo a dandalin edX, suka ga cewa komai tsawon bidiyo, yawancin masu kallo ba sa wuce wajen minti shida. Manya ke nan waɗanda suka shiga karatun da son ransu. Yaron CM1 da ya fito gida tun bakwai da ɗan koko a ciki ba zai kai su ba. Bidiyo ɗaya, tambaya ɗaya. Ki rubuta abin da za ki faɗa a kaye tukuna, kalma 200 zuwa 250, ki karanta da agogo a hannu. In ya wuce minti uku, darasi biyu ne kika cusa a ɗaya, ki raba su.

Hanyar ɗauka mafi sauƙi ita ce ta nuna hannu da takarda kawai. Ki samu kwalin sabulu ko na taliya mai tsayin kamar santimita 40, ki yanke gefe biyu, ɗaya don hannunki ɗaya don haske, ki huda rami a samansa daidai idon kyamara, ki kwantar da wayar a kai tana kallon ƙasa. In babu kwali, ki ɗora ta a bakin tebur ki danne da littattafai, takardar tana kan benci a ƙasa. Wayar ta kasance a kwance, kada ta tsaya, domin in wata rana aka samu talabijin, hoton tsaye zai fito ɗan siriri a tsakiya da baƙi hagu da dama. Ki zauna a inuwa kusa da ƙofa, hasken ya shigo ta hagu in da dama kike rubutu, don kada inuwar hannunki ta rufe abin da kike nunawa. Kada taga ta kasance a bayan abin da ake ɗauka, zai fito baƙi ƙirin. Farar takarda tana ruɗa kyamara: duk sanda hannu ya shigo sai hoton ya yi duhu, ya washe, ya sake duhu. A wayoyi da yawa in kika danna kan takardar a fuskar wayar kika riƙe na daƙiƙa biyu, haske da saiti za su kulle wuri ɗaya. Ki yi rubutu da baƙar maka mai kauri, bik ba ya fitowa. A lokacin hunturu kuma ki goge idon kyamara da gefen mayafi kafin kowace ɗauka. Hazo-hazon da mutane ke ɗora wa waya laifinsa sau da yawa ƙura ce kawai.

Sai murya, wadda ita ce rabin aikin. Yaro zai haƙura da hoto marar kyau, amma in bai ji ba, zai juya ga na kusa da shi. Duk sanda nisan baki da makirfo ya ninka, ƙarfin muryar da ke shiga yana raguwa sosai, ƙarar kabu-kabu da injin niƙa da awakin maƙwabta kuwa tana nan yadda take. Saboda haka bakinki kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu daga makirfo. Abin sauraren nan mai igiya da ke zuwa da waya yana da ɗan makirfo a jikinsa, ki maƙala shi a wuyan riga. Ajin da babu kowa, ga siminti ga rufin kwano, yana amsa kuwwa. Ɗakin kwana mai katifa da labule ya fi shi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi duka shi ne ki raba aikin biyu: ki ɗauki hoton da rana shiru ba magana, ki ɗora murya daga baya, bayan isha'i ko bayan asuba sanda gari ya yi tsit. Ki sa wayar a alamar jirgin sama kafin ki fara, domin kira ɗaya yana iya katse ɗauka.

Raba hoto da murya yana da wata riba a garinmu. Jarrabawa da Faransanci ake rubuta ta, amma yaro da harshen gida yake fahimta. Sai ki yi bayanin da Hausa, ki rubuta muhimman kalmomin Faransanci uku ko huɗu a kan hoton daidai lokacin da abin ya bayyana: saiwa ta fito, “la racine” ta bayyana a gefenta. Sannan ki fitar da kwafi na biyu da murya ta Faransanci don maimaici. In kina da yaran Barebari, Fulani ko Buzaye da Hausarsu ba ta nuna ba, wani malami ko babban ɗalibi zai iya ɗora tasa muryar a kan hoton nan dai. Abin da za ki kiyaye shi ne cika fuskar waya da rubutu. In kika rubuta duk abin da kike faɗa, yaro zai rasa ko karatu zai yi ko kallo ko saurare, masu rauni a karatu kuma su ne za su fara sakin layi.

Yanzu manhaja. CapCut, InShot da VN duk suna aiki a Android, kuma abin da kike bukata yana cikin ɓangarensu na kyauta. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta. Abu huɗu za ki koya: yanke farko da ƙarshe, raba bidiyo a tsakiya ki cire inda aka yi kuskure, ɗora rubutu, ɗora murya. Yamma ɗaya ta isa. Kiɗa, walƙiya da hotuna masu juyi ki bar su, suna jan idon yaro ne daga darasin zuwa kansu. In wayar ƙarama ce mai giga biyu na ƙwaƙwalwar aiki, za ta riƙa tsayawa. Ki rufe sauran manhajoji, ki share wuri ya kai giga biyu, kuma kada ki haɗa gutsure fiye da biyar ko shida. Don ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ki ƙara Hausa a madannin Gboard, sannan ki duba salon rubutun da kika zaɓa a manhajar, domin wasu salon ba su san waɗannan baƙaƙe ba, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu. Ki rubuta da hannunki, kada ki dogara da rubutun da manhaja ke fitarwa da kanta daga murya, musamman inda Hausa ta gauraya da Faransanci.

Girman fayil ma abin lura ne. Ki shiga saitin kyamara ki mai da ita 720p. A 1080p minti ɗaya yakan haura mega 100, ga cika waya ga cinye forfe, kuma a fuskar waya ba wanda zai ga bambanci. Wajen fitarwa daga manhaja ki zaɓi 720p, hoto 30 ko 25 a daƙiƙa, da inganci na ƙasa ko na tsakiya. Lissafin mai sauƙi ne: megabit 2 a daƙiƙa, sau 60, a raba da 8, mega 15 ke nan a minti. Tsakanin wayoyin da ke wuri ɗaya ki tura ta Xender ko Bluetooth, ba sa cin ko dala. A watan Afrilu da Mayu, sanda zafin Damagaram ke haura digiri 40, waya takan yi zafi ta katse ɗauka ko ta ƙi fitar da bidiyo. Ki cire mata riga, kada ki yi aikin tana kan caji, kada ki bar ta a rana.

To, ga babbar matsalar: yara 72 da fuskar waya. Masu harkar majigi suna da wani ma'auni da suke bi, cewa don a karanta rubutu, nisan mai kallo kada ya wuce tsayin fuskar sau shida, in hoto ne zalla sau takwas. Wayarki a kwance tsayinta kamar santimita 7 ne, wato rabin mita ke nan. In kika ɗaga ta a gaban aji, ko na bencin farko ba su gani sosai ba. Gaskiyar magana waya ɗaya ta yara biyar ko shida ce a lokaci guda. In kika kasa su shida-shida, rukuni 12 ke nan. Kowane rukuni minti biyu na kallo da minti ɗaya na tashi da zama, minti 36, darasi ya ƙare. Da waya uku kuwa minti 12 ne. Saboda haka ki nemi abokan aiki biyu ku yi karo-karo: yau su ara miki, gobe ki ara musu. Ki jingina kowace waya da littafi a kan tebur a kusurwa dabam ta ajin, ki rage sauti yadda ba za su shiga juna ba, ki naɗa yaro ɗaya a kowane rukuni wanda shi kaɗai zai taɓa. Waɗanda layi bai zo kansu ba kada su zauna hannu rabbana: su kwafi tambayar, su zana abin da suke zaton zai faru. Waɗanda suka gama su rubuta abin da suka gani.

In darakta da kwamitin kula da makaranta (CGDES) za su iya saye, talabijin mai inci 32 ta fi ƙaramin majigin aljihu. Ajinmu haske ne ta ko'ina, ajin zana ma ba a magana, kuma ƙananan majigin nan sai ɗaki ya yi duhu suke nunawa; rufe tagogi a kan yara saba'in a watan Mayu kuwa ba abin yi ba ne. Talabijin ɗin tsayin fuskarta kamar santimita 40 ne, tana isar wanda ke nisan mita uku, don haka a kasa ajin biyu, su matso su zauna a tabarma. Tana cin wajen wat 40. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 50 yana ɗauke da wat-awa 600, amma batirin dalma ba a shanye fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 300, wajen awa bakwai ke nan, a ɗan rage abin da inbata ke ci. Farantin sola ɗaya zai riƙa mai da shi. A zuba bidiyon a kile USB a tsarin MP4, a gwada tun jajibiri, domin wasu talabijin ba sa karanta kile sai an tsara shi a FAT32. Ƙaramar sipika ta Bluetooth ma tana da amfani ko da waya kaɗai ake da ita.

Yadda ake nunawa shi ne ke raba darasi da kallon banza. Kada ki taɓa kunna bidiyo ba tare da tambaya a allo ba. Misali, darasin tace ruwa: kin yanke gorar roba, kin kifa ta, kin sa auduga ko tsumma a baki, sai garin gawayi, sai yashi mai laushi, sai tsakuwa a sama. Kin ɗauki hannunki yana zuba ruwan tafki mai laka. Daidai lokacin da ruwan ya shiga tsakuwa, ki tsai da bidiyon. “Wane irin ruwa zai fito a ƙasa?” Kowa ya rubuta a ardwaz, ki buga tebur, su ɗaga, kamar yadda kike yi a lissafin ka. Yanzu kowane yaro yana da abin da ya sa a ciki, yana so ya ga ko nasa ne daidai. Ki saki. Ruwa ya ɗigo garai. Ki sake tsayarwa: “To, a sha?” Da yawa za su ce e, kuma nan ne darasin yake, domin ruwan ya washe ne kawai, ƙwayoyin cuta suna nan sai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsarkake ruwa. Bidiyon minti ɗaya da rabi ya ɗauki darasin minti talatin. A kalle shi sau biyu: na farko da tsayawa, na biyu a miƙe.

Akwai abu biyu da za ki iya farawa da su ba tare da kin iya komai na haɗa bidiyo ba. Na farko tsiron wake: ki jera ƙwaya uku a jikin gorar roba mai haske da jiƙaƙƙiyar auduga, ki zana wurin gorar da wurin wayar da alli don kada su gusa, ki ɗauki hoto safe da yamma kwana goma. Hoto 20, kowane rabin daƙiƙa, daƙiƙa 10 ke nan, yara su ga saiwa ta nufi ƙasa, kara ya nufi sama. In wurin ya gusa ko hasken ya bambanta, hoton zai riƙa tsalle, wannan ne kuskuren da aka fi yi. Na biyu inuwar sanda. Ki kafa sanda mai mita ɗaya a miƙe a filin makaranta, a ɗauki hoto duk rabin awa daga wuri ɗaya. Zinder tana kusa da digiri 14 arewa da ikwaita, saboda haka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya tsakar ka, wajen ƙarfe 12 da minti ashirin da ɗoriya inuwar ta kusa ɓacewa a gindin sandar. Ki ajiye na Afrilu, ki sake wani a Disamba sanda inuwar tsakar rana ke miƙewa arewa, ki nuna su a jere.

Bayan wata ɗaya ko biyu, ki miƙa wa yaran aikin, domin yaron da ya san zai yi wa ƴan ajinsu bayani dole ya fahimci abin tukuna. Rukuni na shida, kowa da aikinsa: mai riƙe waya, mai magana, biyu masu nunawa, mai lura da lokaci, mai rubutu. Su ninke takarda gida shida, su zana abin da za a gani a kowane gida, su rubuta jimla ɗaya a ƙasa. Ba mai taɓa waya sai kin duba takardar kin sa hannu, in ba haka ba batir zai ƙare a dariya da gwatsine. Minti ɗaya, ɗauka ɗaya ba yanka, gwaji bai wuce uku ba. Rukuni biyu a mako sun isa, cikin mako shida kowa ya yi. Su nuna rabi da rubu'i da tiyar gero, su auna kewayen aji da mita, su nuna wankin hannu. A tarihi su tambayi kakanninsu abin da suka sani game da ganuwar Birni da Sarki Tanimun, ko zamanin da Zinder take babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Ki sa ido a kan rabon aiki, domin in kika bar su, maza masu baki za su ƙwace waya, ƴan mata su koma riƙe takarda. Ki juya aikin da kanki kowane zagaye. Yarinyar da kunya ke hana ta magana a gaban aji sau da yawa takan iya magana in hannunta kawai ake ɗauka.

Wannan ya kawo mu ga amanar ƴaƴan mutane. Ki sanar da darakta kafin ki fara, a faɗa wa iyaye ta bakin CGDES ko ƙungiyar iyaye, wanda bai yarda ba a bar ɗansa a aikin da ba ya gaban kyamara. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma ko babu doka, kin san nauyin hoton ɗiya mace a gidajenmu. Hannu da murya sun wadatar. Kada a ambaci cikakken sunan yaro, kada a sa a Facebook ko TikTok ko a status, kuma kada a ajiye bidiyon da yaro ya yi kuskure ana dariya. Abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Wanda za a ɗauka a kasuwar Dole ko a majema shi ma a nemi izninsa.

Don ki san ko wahalar tana biya, ki yi tambaya uku a ardwaz kafin bidiyo, ki ƙirga masu daidai, ki maimaita su a ƙarshen darasi, ki sake bayan mako ɗaya ba tare da sanarwa ba. Ƙirgan mako ɗayan shi ne abin dubawa. In bai motsa ba, ki duba tsawon bidiyon, ki duba ko kin tsaya kin yi tambaya, ki zauna a bencin ƙarshe ki ji ko murya tana isowa. Bidiyo ɗaya a mako ya isa. Ki sa wa kowane fayil suna da aji da darasi, kamar CM1 tace ruwa, ki kwafe a katin memori, ki tafi da su taron ƙara wa juna sani na malamai (CAPED) na gaba ku yi musaya da malaman sauran makarantu.